Ƙwayar Karatu

Ɗalibansa ne suka laƙaba masa Malam Birki. Shekara goma sha tara yana koya wa mutane tuƙin mota, kuma duk wanda ya taɓa zama a gefensa ya san tsawar nan tasa ta "Birki! Birki na ce!" ko da kuwa abin da ya gifta gaban motar leda ce iska ta kwaso. Sunan ya bi shi har gida. Matarsa ma idan tana son tsokanarsa da shi take kiransa.

'Yarsu ta fari kuwa, shi ya laƙaba mata nata. Tana 'yar shekara huɗu ta ɗaure wa kyanwar maƙwabta karyayyiyar ƙafa da tsumma, daga ranar ya fara kiranta Dakta. Yanzu shekarunta goma sha shida, tana ajin ƙarshe na sakandare, saura wata uku su zauna jarrabawar fita. Ba ɗalibin da zai yi mako ɗaya a motar Malam Birki bai ji labarin Dakta ba, da makinta, da irin asibitin da za ta yi aiki.

Matarsa tana aiki a kamfanin sabulu kwana shida a mako, don haka shi ke kai wankin gidan shagon Gwaggo ranar Alhamis, ya karɓo ranar Asabar. Gwaggo dattijuwa ce mai kauri, mai injin wanki biyu da dogon teburin guga. Ba ta taɓa jefa riga a inji ba tare da ta laluba aljihunta ba. Akwai wani gwangwani a kan kanta cike da maɓallai da makullai da murafen biro da ta tsinta.

A wannan Asabar ɗin da hantsi ya shiga, ya ajiye makullin mota a kan kanta, ya miƙa mata takardar kaya. Ba ta karɓa ba.

"Malam, zagayo ciki," ta ce. "Magana zan yi da kai."

Ya zagaya yana dariya. "Gwaggo, ko kin ƙona mini riga ne?"

Ta buɗe aljihun tebur ta ciro wata takarda da aka yago daga littafin rubutu, an ninke ta huɗu. A ciki akwai katin ƙwayoyi mai gurbi goma. Huɗu babu komai.

"A aljihun cikin rigar makarantar 'yarka na same shi."

Ya juya katin gaba da baya. "Ai maganin ciwon kai ne. Karatu ya yi mata yawa."

"Na san maganin ciwon kai," in ji Gwaggo. "Wannan kuma na san shi fiye da yadda na so in san shi. Ba a shan sa sai likita ya rubuta, kuma ba a rubuta wa yara masu lafiya."

Sai da maganar ta ɗan zauna masa, sannan fuskarsa ta canza.

"Gwaggo, kin san 'yar wa kike magana a kai? Yarinyar da ko ƙofar gida ba ta tsayawa? Daga makaranta sai ɗaki!"

"Na sani."

"Wallahi yau sai ta gaya mini wanda ya ba ta, ko in..." Bai ƙarasa ba. Ya cusa katin a aljihu ya nufi kanta. Makullin ba ya nan. Ya shafa aljihunsa, ya duba ƙasa.

"Yana wurina," in ji Gwaggo, ta dafa aljihun rigarta. "Zan ba ka. Amma ka fara kama mini bakin zanen gadon nan, hannuna ɗaya ba ya ninke shi."

Da wani ne da ya ga tashin hankali. Amma Gwaggo a haife ta haife shi, kuma ta riga ta miƙo masa bakin zanen. Ya kama. Suka ja, suka haɗa, suka ninke. Ta ɗauko wani.

Tana ninkewa tana magana, idonta a kan zanen. Ta ce ɗanta yana da shekara goma sha biyar ta ɗaga katifarsa ta tarar da kwalaben maganin tari har bakwai. Ta ce ba ta tambaye shi komai ba. Wayar dutsen guga ta zare, ta zane shi a tsakar gida, maƙwabta na leƙe.

"Na ɗauka na yi maganin abin. Ashe abin da na koya masa shi ne ɓuya. Bai daina ba, wurin ajiya ya canza. Shekara shida muna gida ɗaya ban san ɗana ba. Yanzu alhamdulillahi ya warke, yana aikin wutar lantarki, har da matarsa da 'yarsa. Amma shekara shidan nan, Malam, ba mai dawo mini da su."

Malam Birki ya zauna a kan wani ƙullin kaya ba tare da ya lura ba.

"To me zan yi? In zuba mata ido?"

"Wa ya ce ka zuba ido? Cewa na yi kar ka je da zafin nan. Akwai wata nas a ƙaramin asibitin bayan kasuwa, duk Laraba da yamma tana zama da iyaye. A wurinta na koyi abin da na sani, bayan ruwa ya riga ya ƙare wa ɗan kada. Ka fara gaya wa uwarta. Ku kwana da maganar. Idan za ka yi da yarinyar, ka tambaye ta, kar ka yanke mata hukunci. Idan ta fara magana ka ɗinke bakinka har ta kai aya. Na san wannan ne zai fi ba ka wuya."

Ta ciro makullin ta ajiye masa a gwiwa.

Bai tafi gida ba. Ya soke darasin ɗalibai biyu, ya je ƙofar kamfanin sabulu ya jira har aka tashi masu aikin safe. Matarsa ta fito tana cire hular aiki, ta ga motar, ta ga fuskarsa, ta ce, "Wa ya mutu?"

A cikin mota ya nuna mata. Ta yi kuka kaɗan, ta share da bakin mayafi.

"Na ga alamu," ta ce. "Ta daina cin abinci. Shekaranjiya tana zuba shayi hannunta na rawa. Na tambaye ta, ta ce sanyi ne. Na ce a raina fargabar jarrabawa ce." Ta juyo ta dube shi. "Kai kuma, Baban yara, kullum Dakta, Dakta. Ko baƙo aka yi sai ka kira ta ta zo ta faɗi makinta."

"Laifina ne kenan?"

"Ban ce ba. Ni ma ina gidan."

Suka daɗe a wurin har mai gadi ya zo ya ce su matsar da mota. Suka tsayar da shawara shi zai yi maganar, tunda shi take tsoro.

Shekara guda kenan yarinyar tana roƙonsa ya koya mata mota, yana cewa sai ta gama jarrabawa. Da safiyar Lahadi ya ƙwanƙwasa ƙofar ɗakinta ya ce ta sa takalmi. Ta fito da littafi a hannu, idanunta sun faɗa.

"Ajiye littafin," ya ce. "Yau mota za ki koya."

Ya kai ta filin da yake fara koya wa sababbin ɗalibai, wani fili mai tsakuwa a bayan tsohon gidan mai, inda ya jera tayoyi a matsayin kwana. Ya nuna mata yadda ake gyara kujera da madubi. Motar ta mutu mata sau uku. A na huɗu ta tashi, ta yi tafiyar kunkuru har ƙarshen fili, yarinyar na riƙe da sitiyari kamar za a ƙwace mata. Ta yi dariya, irin wadda ya daɗe bai ji ba.

"Tsaya nan. Kashe."

Ta kashe. Ya ciro katin ya ajiye a gaban gilashi, a tsakaninsu. Bai dube ta ba. Gaba yake kallo, inda wasu awaki ke kiwo a gindin katanga.

"Gwaggo ta tsinta a rigarki. Ni da mamanki mun gani. Ba faɗa na kawo ki in yi miki ba. So nake in ji."

Yana jin numfashinta.

"Ba nawa ba ne," ta ce.

Maganganu goma suka taso masa har maƙogwaro. Ya haɗiye su, ya ce, "To."

Akuya ɗaya ta hau kan taya ta sauko. Wata babbar mota ta wuce a titi. Bai taɓa sanin minti biyu na da tsawo haka ba.

"Nawa ne," ta ce a hankali, sai kuka ya ƙwace mata.

Cikin kukan ta gaya masa. A ajinsu ana kiranta ƙwayar karatu. Idan ka sha ɗaya barci ba ya zuwa, sai ka yi ta karatu. Ƙawarta da suke zama benci ɗaya ce ta ba ta, ita ma yayan wata ƙawarta ne ke kawo mata. Ranar farko ji ta yi kamar za ta haɗiye littafin. Ranar ta huɗu zuciyarta ta riƙa bugawa kamar za ta fasa ƙirji, da aka raba takardar gwaji kuma ta nemi abin da ta karanta ta rasa.

"Wace 'yar banza ce wannan ƙawar taki?" Muryarsa ta cika motar kafin ya ankara. "Gidan ubanta ina ne?"

Yarinyar ta maƙure a jikin ƙofa, bakinta ya rufe ruf.

Ya buɗe ƙofa ya fita. Ya zagaya motar sau ɗaya, ya gyara wata taya da ba ta buƙatar gyara, ya dawo ya zauna.

"Na yi kuskure," ya ce. "Ci gaba. Ba zan sake ba."

Sai da ta daɗe kafin ta ci gaba. Ta ce abin da ya fi ba ta tsoro shi ne daren Laraba. Ta riga ta yi wa kanta alkawarin ta daina, amma sai ta tsinci hannunta yana laluben aljihun rigar. Da safe da ta ga an kwashe rigar zuwa wanki, ba ta san ko tsoro take ji ko sauƙi ba.

"Me ya kai ki tun farko?"

"Arba'in da takwas na ci a kimiyyar sinadarai, a gwajin wata biyu da suka wuce. Na ɓoye takardar." Ta share hanci da bayan hannu. "Baba, duk unguwar nan Dakta ake ce mini. Ɗalibanka idan sun gan ni a hanya Dakta suke cewa. Idan ban zama likita ba, wace ce ni a gidanmu?"

Malam Birki ya juyo ya dube ta.

"Zan gaya miki wani abu," ya ce can. "Ko mamanki ba ta sani ba. Sau uku na faɗi gwajin tuƙi."

Ta ɗago kai.

"Na farko na hau kan ƙafar mai gwajin. Na biyu na ba da baya na rushe musu allon sanarwa. Na uku ban ma san me na yi ba, mutumin dai ya sauka ya ce gara ya koma a ƙafa."

Dariya ta kubce mata a tsakiyar kuka, har ta shaƙe tana tari.

"Kar ki kuskura ɗalibaina su ji," ya ce. Sannan ya dafa kanta, abin da rabonsa da yi tun tana firamare. "Ke 'yata ce tun kafin kyanwar nan ta karya ƙafa. Ki ci tamanin, ki ci takwas, ba abin da zai canza wannan. Gobe ni da ke da mamanki za mu je asibiti. Ba don hukunci ba. Kin yarda?"

Ta gyaɗa kai.

Nas ɗin wata siririyar mata ce mai gilashi, mai magana a hankali kamar ba ta da sauran aiki, alhali layi na jiranta. Ta fitar da iyayen ta gana da yarinyar ita kaɗai kusan rabin awa, ta sa likita ya duba bugun zuciyarta. Da ta dawo da su ta ce an yi sa'a, abin bai yi nisa ba. Ta ce su sa ran kwanaki na rashin barci da saurin fushi, kar su ɗauka rashin kunya ce. Ta tambayi uwar inda suke ajiye magunguna a gida. Uwar ta ce a kan firji, cikin wani kwando. Nas ta ce a zubar da waɗanda suka tsufa, sauran a sa musu makulli, domin akwai ƙanne a gidan.

"Kuma ku daina jira sai abu ya faru kafin ku yi maganar ƙwaya da yaranku," ta ce. "Idan ba su ji daga bakinku ba, za su ji daga bakin mai sayarwa, shi kuwa ya fi ku iya talla."

Kwanakin da suka biyo baya ba su yi daɗi ba. Yarinyar ta fasa kofi, ta yi wa ƙanwarta tsawa a kan biro, ta yi kwana biyu ba ta ce wa kowa uffan ba. Uwar ta roƙi a sauya mata lokacin aiki na mako biyu don ta riƙa tarar ta idan ta dawo daga makaranta. Malam Birki ya samo mata wata malama mai koyar da kimiyyar sinadarai da yamma, ya kuma kafa dokar da shi kansa bai taɓa zaton zai kafa ba: ƙarfe goma a rufe littafi. Sau da yawa "Dak..." na fitowa daga bakinsa, sai ya mayar da shi tari. Ƙanwar ta lura, ta ce, "Baba, mura kake yi ne?"

Ranar Laraba ya je zaman iyaye. Mata tara ya tarar a kan benci, da Gwaggo a cikinsu, shi kaɗai namiji. Ya so ya juya, Gwaggo ta matsa masa wuri. Nas ta ce yau za a gwada yadda yaro zai ƙi idan an miƙa masa ƙwaya, domin iyaye su koya wa 'ya'yansu a gida. Ta ce Malam ya zama ƙawar da ke ba da ƙwaya.

Ya tashi, ya karkace kai, ya siranta murya. "Haba ƙawata, guda ɗaya ce fa. Ko ke 'yar Mama ce?"

Matan suka kwashe da dariya har wata na riƙe ciki. Amma matar da aka sa ta ƙi, mai sayar da kayan miya ce, sai ta tsaya baki buɗe ta rasa amsa. Dariyar ta lafa.

"Kun gani?" in ji nas. "Ke mai shekara arba'in kin rasa ta cewa. Ina ga 'yar sha huɗu?"

Suka yi ta gwadawa har kowa ya sami kalmar da ta zauna masa a baki. Mako na biyu Malam Birki ya jawo wani makaniki abokinsa, mako na uku maza suka zama huɗu.

Maganar ƙawar ce ta fi wuya. Yarinyar ta roƙi kar a faɗa wa iyayen ƙawar, za a ce ta ci amana. Uwarta ta zaunar da ita ta ce, "Da ita ce aka kama, ke kuma aka bar ki kina sha, ya za ki so ta yi?" Ta kwana biyu tana juya maganar, sannan ta ce su je wurin uwar ƙawar, ita da mamanta. Shi kuma uban ya je wurin shugabar makaranta ya gaya mata abin da ke yawo a ajin, bai kama sunan kowa ba.

Zuwan bai yi kyau ba. Uwar ƙawar, wata tela mai shago a bakin titi, ko wurin zama ba ta ba su ba.

"'Yata ba ta shan komai," ta ce, almakashi a hannunta. "Idan taku ta lalace, ku nemi inda za ku rataya laifin, ba a gidana ba."

Washegari ƙawar ta ɗauke jakarta ta koma wani benci. Wasu 'yan ajin suka daina gaishe da 'yar Malam Birki. Ta dawo gida ta shige ɗaki, uban ya tsaya a bakin ƙofa ya ce ta fito su je fili. Ranar ta koyi ba da baya.

Bayan kusan wata guda, yana zaune a 'yar rumfar da yake karɓar ɗalibai yana cike takardu, sai ga telar. Ba kwalliya, mayafinta a karkace. Ta tsaya daga bakin rumfa.

"Malam, na zo ne..." Ta buɗe tafin hannu. Kati biyu ne, ɗaya ya ƙare. "A cikin safar 'yata na same su. Jiya ta faɗi a banɗaki. Ta farfaɗo, ta ce jiri ne." Muryarta ta karye. "Na yi wa matarka rashin mutunci. Ban san wurin wa zan je ba."

"Wannan ya wuce," ya ce, ya jawo mata kujera. "Kin yi mata magana?"

"Ban iya ba. Tsoro nake in buɗe baki in ɓata komai."

"Faɗuwar nan ba abin jira ba ce. Yau za a kai ta likita ya gan ta, magana ta biyo baya." Ya ciro waya ya kira matarsa, ya ce idan ta tashi ta biyo ta shagon tela. Matar tasa ta ce tana zuwa.

Larabar da ta biyo baya telar ta zo zaman iyaye, ta zauna can ƙarshen benci. 'Yarta tana waje, a kan dogon bencin baranda, tana jiran ganin nas. 'Yar Malam Birki ma ta biyo iyayenta, ta ce zaman gida ya ishe ta. Daga inda yake yana hango su ta taga: ɗaya a wannan ƙarshe, ɗaya a wancan, jakar makaranta a tsakaninsu, kowacce na kallon takalminta.

Nas tana bayani a kan yadda ake sanin abokan yaro ba tare da an zame masa ɗan sanda ba. Makaniki ya ɗaga hannu yana gardama. Da Malam Birki ya sake waiwayawa, sai ya ga 'yarsa ta sauke jakar ƙasa ta matsa. Ba su fara magana ba tukuna. Ta ɓare lemo, ta raba biyu, ta miƙa rabi. Ƙawar ta daɗe tana kallonsa kafin ta karɓa.

"Malam," in ji nas, "kai muke jira. Me za ka ce wa mutumin nan?"

Ya juyo ya gyara zama.